Tsakanin Sambatu da Santi: Tafiyar Kalmar "Rave"

A watan Afrilun 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa na Ingilishi a Landan, manyan kundaye biyu masu ɗauke da kalmomi sama da 42,000, bayan ya shafe kusan shekara tara yana fama da aikin. Da ya iso kan wata 'yar gajeruwar kalma mai harafi huɗu, "rave", sai ya yanka mata ma'ana uku. Ta farko ita ce sambatun wanda hankalinsa ya gushe. Ta biyu, ɓarkewa da hargowa cikin fushi kamar mahaukaci. Ta uku kuwa son abu fiye da ƙima, kuma a nan ne malamin ya murtuke fuska, ya sa mata alamar cewa maganar bakin titi ce, ba daidai ba ce.

Kimanin shekara 270 ke nan, kuma wadda ya kora ɗin ita ce ta gaje gidan. Duk Baturen da ya ji an ce masu sharhi sun yi "rave" a kan wani sabon fim, ba asibiti zai tuna ba. Abin da zai fahimta shi ne fim ɗin ya tafi da imaninsu, sun yabe shi har sun rasa inda za su sa aya. Kalmar da aka haifa a gefen gadon mai zazzaɓi ita ce yau 'yan kasuwa ke rububin liƙawa a bangon littafi da ƙofar gidan sinima.

Asalinta ba na Ingila ba ne. Ta ƙetaro teku ne daga Faransa, cikin ayarin dubban kalmomin da suka kwarara cikin Ingilishi bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. A tsohon Faransanci akwai "resver", da wata 'yar'uwarta "raver", masu nufin yawo ba alƙibla da kuma fita hayyaci. Can gida Faransa kalmar ta yi sanyi, ta koma "rêver", yin mafarki, wadda duk yaron da ya yi makarantar boko a Maraɗi ko Damagaram ya sani. Wadda ta yi ƙaura zuwa Ingila ita ce ta riƙe zafin.

Tun a ƙarni na 14 ana jin ta a bakin mutane. Geoffrey Chaucer ya sa ta a cikin doguwar waƙarsa ta Troilus da Criseyde, wajejen 1385, a wani wuri mai daɗin karatu. Pandarus ya je gidan 'yar ɗan'uwansa Criseyde, wadda mijinta ya rasu, yana zuga ta ta tuɓe lulluɓin zawarci ta tashi su taka rawa. Ita kuwa ta mayar masa da cewa da alama sambatu yake yi. Da Bahaushiya ce, abin da za ta ce shi ne, "Kawu, anya lafiyarka ƙalau kuwa?" Wato tun a wancan zamani ana iya jifan mai cikakken hankali da kalmar, idan zumuɗi ya ɗebe shi.

Amma nauyinta na gaske yana wani wurin. A Landan akwai Bethlem, gidan ibada da aka kafa a 1247, wanda daga baya ya zama shahararren gidan masu taɓin hankali, har sunansa ya lanƙwashe a bakin jama'a ya zama "Bedlam", suna mai nufin hayaniya da ruɗani. Lokacin da aka yi masa sabon gini a Moorfields a 1676, an ɗora gumaka biyu na dutse a saman ƙofarsa, aikin masassaƙi Caius Gabriel Cibber. Ɗaya na kwance shiru, ido a buɗe ba ya ganin kowa. Shi ne haukan baƙin ciki. Ɗayan kuwa a ɗaure yake da sarƙa, jijiyoyi a miƙe, baki a wage, kuma sunan da aka san shi da shi daga wannan kalma aka ciro shi. Hauka tuburan ke nan, irin wanda a ƙasar Hausa ake kai mai shi gidan mari. Har zuwa 1770 mutanen gari na shiga gidan don kallon marasa lafiya kamar masu zuwa kallon wasa, abin da ke sosa ran duk mai tausayi idan ya karanta. Gumakan suna nan har yau a gidan tarihin asibitin.

To, ta yaya kalma mai irin wannan tabo ta koma ta yabo?

Masu bin diddigin kalmomi suna sa farkon ma'anar yabon a farkon ƙarni na 18, kuma ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Kalmar "enthusiasm", wadda yau ke nufin ɗoki da himma, daga Girkanci ta fito, inda take nufin mutumin da wani abin bauta ya shige shi yana magana da bakinsa. Bahaushen da ya san abin da ake kira hawan bori ba ya bukatar dogon bayani. Bayan yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, lokacin da ƙungiyoyin addini suka yi ta ɓullowa kowa na cewa an yi masa wahayi, kalmar ta zama zagi. Masanin falsafa John Locke ya ƙara babi guda a bugu na huɗu na babban littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, a 1700, don gargaɗi a kanta. Sai da aka yi ƙarni guda kafin ta wanke goshinta. Ita ma "fan", sunan da ake kiran masoyin ɗan ƙwallo ko mawaƙi, yawancin masana sun tafi a kan gutsuren "fanatic" ce, wadda ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin ɗakin bauta. Ingilishi dai ya saba: idan yabo ya yi masa kaɗan, sai ya je ya ranto daga hauka.

Ba shi kaɗai ba ne. Larabawa sun laƙaba wa Ƙais sunan Majnunu saboda Laila, Bahaushe kuma yakan ce wane ya haukace a kan wance, ko ya mutu a kanta. Da alama harsuna da yawa sun lura cewa mai tsananin so da mai zafin zazzaɓi suna tarayya a abu ɗaya: baki ya ƙwace wa mai shi.

Nahawun kalmar ma ya nuna hakan, kuma nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Ingilishi na da wasu aikatau na yabo. Akwai "praise", wadda ta haɗa tushe da kalmar farashi, wato yanke wa abu daraja. Akwai "extol", daga Latin, mai nufin ɗagawa sama, daidai da yadda Bahaushe ke cewa an cicciɓa wane ko an ɗaukaka shi. Waɗannan duk suna faɗawa ne kai-tsaye a kan wanda ake yabo: a ɗauke shi, a ɗaga shi, a sa masa kuɗi. Amma "rave" ba ta ɗaukar karɓau. Ba a yi wa mutum ita. Mutum ne ke yin ta, a kan wani abu. Labarin da take bayarwa na halin da mai maganar ya shiga ne, abin yabon kuwa sanadi ne kawai. Shi ya sa akan jingina ta da wani ɗan harafi, kuma harafin nan shi ne linzaminta. Idan "about" ko "over" suka biyo ta, yawanci yabo ne. Idan "at" ko "against" ne, to an koma ma'ana ta biyu ta Johnson, ana surfa wa wani bala'i. Idan kuma ta jero da ƙawarta "rant", babu sauran zancen yabo, kumfar baki ce zalla. Ɗalibin da ya sauya harafi ɗaya sai ya mayar da masoyi maƙiyi.

A ɗora wannan a kan ma'aunin Hausa a gani. Hausa ba ta da talaucin kalmomin yabo. Mai yiwuwa ma ta fi Ingilishi wadata a nan, domin ta mayar da yabo sana'a mai sarautu da gado. Ana yabawa, ana koɗawa, ana wasawa, ana kambamawa, ana kurantawa, ana zugawa, ana yin kirari, ana buga take. Biyu daga cikinsu ma daga hannun masu aiki aka aro su. Koɗa ita ce sassaƙar dutsen niƙa da ya yi sulɓi don ya sake cin hatsi, wasa kuwa ita ce gyara kaifin wuƙa. Maroƙin da ke wasa basarake kaifi yake ƙara masa, kuma ya san abin da yake yi sarai: ya san sunan kaka da kakan kaka, ya san inda zai ɗaga murya, ya san lokacin da hannu zai shiga aljihu. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya rubuta maƙala a 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, inda ya nuna yadda wannan yabo ke tafiya da tsarin daraja da muƙami. Narambaɗa a fadar Isa da Ɗanƙwairo a gaban sarakuna ba sambatu suke yi ba. Gini suke yi, tubali bisa tubali, da hankalinsu a jikinsu. Duk wanda ya fassara aikinsu da "rave" ya rage musu daraja.

Kalmar Hausa da ta dace da ita tana can inda ba a zata ba, a bakin akushi. Ita ce santi.

Tarbiyyar Bahaushe ta ce a ci abinci da natsuwa, kada a nuna zalama, kada baƙo ya bari a gane yunwarsa. Sai ga shi wata rana miya ta yi daɗin da ya fi ƙarfin kawaici. Mutum na tsakiyar loma sai a ji ya ɓalle da zancen da ba a tambaye shi ba: ya yi wa mai girki alkawarin abin da ba shi da shi, ko ya shiga yabon garin da aka noma kuɓewar, ko ya tambayi lafiyar wanda suka gaisa da shi yanzun nan. Sai a kwashe da dariya, wani ya ce a kawo waigi a tokare shi kada ya faɗi. Uwargida na daga ciki tana murmushi, domin ta san wannan shaida ta fi "sannu da aiki" sau dubu. "Sannu da aiki" ladabi ne, kowa na iya faɗa ko da tuwon ya yi gudaji. Santi kuwa ba a shirya shi, kuma mai yinsa shi ne na ƙarshen sani.

Duk siffofin "rave" suna nan. Santi ma ba ya faɗawa a kan karɓau kai-tsaye: yin sa ake yi, ko ya kwashe mutum, ko ya kayar da shi. Yana ba da labarin mai ci fiye da abin da ake ci. Akwai 'yar zolaya a cikinsa, kamar yadda Bature idan ya ce abokinsa na ta "raving" a kan wani gidan abinci, yana nufin abin ya yi kyau, yana kuma nufin abokin ya ɗan zarce. Kuma kamar takwararta, kalmar ta bar inda aka haife ta: yau ana santin waƙa, ana santin littafi, ana santin sabuwar atamfa. Bambancinsu ɗaya ne mai girma. Santi bai taɓa zama fushi ba, bai kuma taɓa kwana a gidan mari ba. Daga daɗi ya fito, a daɗi ya tsaya. Abin da Ingilishi ya cusa a kalma guda, Hausa ta raba shi gida uku: sambatu ga mai zazzaɓi, bambami ga mai fushi, santi ga wanda daɗi ya ɗebe.

Kasuwa ce ta ba kalmar rigarta ta zamani. Mujallar Variety, wadda Sime Silverman ya kafa a birnin New York a 1905 don masu sana'ar nishaɗi, ta yi suna wajen ƙera gajerun kalmomi masu cika kanun labari. Zuwa 1926 an riga an san "rave" a matsayin kalmarta, ba aikatau ba yanzu, suna: sharhin da ya yabi wasa ba tare da ragi ba. A unguwar Broadway ta gidajen wasan kwaikwayo irin wannan sharhi dukiya ne. A wancan zamani 'yan wasa kan kwana zaune bayan daren farko suna jiran jaridun safe, domin abin da mai sharhin babbar jarida ya rubuta na iya sa wasa ya shekara ana kallo, ko a rufe shi cikin mako.

Abin da ake saye a nan shi ne alamar cewa mai hankali ya rasa linzami. Mai sharhi mutum ne da aka sani da tsantseni da wuyar gamsuwa, don haka ranar da aka ga ya zube, sai a ce lallai akwai wani abu. Tarihin adabin Amurka na da misali tun kafin a raɗa wa abin suna. A 1855 Walt Whitman, wanda ba a san shi da waƙa ba, ya buga ɗan littafinsa Leaves of Grass da kuɗinsa, waƙoƙi 12 kacal, ya aika wa Ralph Waldo Emerson kwafi. Emerson, babban malamin da ake jin maganarsa a ƙasar, ya karanta, abin ya ratsa shi, ya rubuta masa wasiƙa a watan Yuli mai cike da yabon da bai saba yi wa kowa ba. Santi ne na gaskiya, daga mutum zuwa mutum. Whitman kuwa bai nemi izini ba ya miƙa wasiƙar ga jaridar New York Tribune, sannan a bugun 1856 ya sa aka buga jimla ɗaya daga cikinta da ruwan zinariya a ƙashin bayan littafin. Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa littafin nasa sharhin yabo da hannunsa, aka buga a jaridu ba suna. Hausawa sun ce yabon kai jahilci, amma littafin ya rayu ya zama ginshiƙi, kuma hakan bai wanke hanyar da aka bi ba. Emerson ya ba da abu daga zuciyarsa, aka mayar da shi allon talla.

Daga nan zuwa ƙirƙirar mai santin gaba ɗaya taki kaɗan ne. A watan Yunin 2001 wakilin mujallar Newsweek, John Horn, ya bankaɗo cewa wani mai sharhi, David Manning, wanda ake ta liƙa yabonsa a tallan finafinan kamfanin Columbia na Sony, babu shi a duniya. Jaridar da aka ce yana yi wa aiki, Ridgefield Press ta jihar Connecticut, tana nan da gaske, amma ba ta taɓa jin sunansa ba. A sashen talla aka haife shi. A 2005 kamfanin ya amince da sulhun dala miliyan 1.5, aka ce duk wanda ya kalli finafinan da abin ya shafa zai iya karɓar dala 5 a kan tikitinsa. Zuwan intanet ya mayar da abin masana'anta. A 2015 kamfanin Amazon ya kai ƙarar mutum sama da 1,000 da ke sayar da sharhin ƙarya, a 2024 kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa doka da ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo. Abin takaici ne ƙwarai, domin wanda aka cuta ba mai saye kaɗai ba ne. An cuci duk wanda abu ya burge shi da gaske, tunda yanzu idan ya buɗe baki sai a tambaya nawa aka ba shi.

Kalmar ta yi wani reshen kuma, wanda ya mayar da ita kusa da tushenta na yawo ba alƙibla. Tun shekarun 1950 matasan Landan ke kiran shagalin da ya wuce ƙima da ita. A ƙarshen shekarun 1980 ta zama sunan tarukan rawa na dubban mutane a rumbunan ajiya da filayen bayan gari, da kiɗan na'ura mai sauri, sau da yawa da ƙwayoyi. Bayan taron Castlemorton na watan Mayun 1992, wanda ya ɗauki kusan mako guda da dubun-dubatar mahalarta, majalisar Birtaniya ta yi dokar 1994 da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin waɗannan taruka, har ta shiga bayyana kiɗan da cewa mai bugu ne da ke ta maimaituwa. A Najeriya kuma 'yan jaridar nishaɗi sun ba ta tasu ma'anar: mawaƙi ko ɗan wasan da ke tashe sukan kira shi "rave of the moment", wato wanda ake yayi. Mawaƙin nan Rema, ɗan birnin Benin, ya sa wa kundinsa na 2022 suna Rave & Roses.

Inda abin ya shafi mai karanta Hausa kai-tsaye shi ne ɗakin fassara. Kullum labarai na shigowa gidajen rediyo da jaridu da Ingilishi, a juya su cikin gaggawa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da kowane irin yabo "ya yaba" ko "sun jinjina". Da haka shugaban da ya yi yabon diflomasiyya da baki kawai, da mai sharhin da littafi ya hana shi barci, sai su fito da riga iri ɗaya. Ingilishin ya bambanta su, Hausa ma tana da abin bambanta su, mai fassara ne ya bar kayan aikinsa a rataye. Wasu na ganin santi kalmar zaure ce, ba ta kai ta shiga labarai ba. Hukuncin da Johnson ya yanke wa "rave" ke nan a 1755, masu harshen kuma ba su bi shi ba.

Don haka kira ga masu fassara da editoci: idan labari ya zo cewa masu kallo na ta "raving" a kan wani fim, a rubuta cewa suna ta santinsa, mai sauraro a Kano da Agadas zai gane nan take. Idan a kan wani ake yi cikin fushi, a ce bambami. Idan kuma bincike ya nuna biya aka yi aka rubuta yabon, kamar na David Manning, kada a ɓata santi a kansa. A rubuta bambaɗanci.